Manhajar sauko da sakamakon ƙwallo: yadda za ta riƙa aiki da kanta ko an ɗauke wuta

"Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Tudun Wadan Zariya. Bayan talabijin biyu da ake kallon wasa, na rataye wani allo a gefe yana nuna sakamakon sauran wasanni da teburin gasa. Ƙanena ne ya rubuta min ƙaramar manhaja da Python a kan tsohuwar laftof mai Ubuntu, tana sauko da bayanan Firimiya da La Liga da Gasar Zakarun Turai daga wani shafi duk bayan daƙiƙa 5. Matsalata uku ce. Da an rufe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, sai ta tsaya. In an ɗauke wuta aka tayar da inji, sai na je na kunna ta da hannu, wani lokaci ma allon ya fito fari fat. Sannan ranar Asabar, lokacin da aka fi bukatarta, sai ta riƙa rubuta 429 ta ƙi kawo komai. Ƙanen nawa ya tafi bautar ƙasa. Yaya zan yi ta riƙa aiki da kanta?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara kasuwa, ya kuma dawo da ƙanenka lafiya. In na fahimce ka, so kake manhajar ta koma irin waɗanda ke aiki a bayan fage: kwamfuta na kunnuwa ta tashi, ba ta jiran taga ko mutum, ta je ta ɗauko bayanai ta ajiye, in ta gamu da cikas ta haƙura ta sake gwadawa anjima. Matsaloli ukun da ka lissafa, a ganina tushensu ɗaya ne. An rubuta manhajar kamar za ta zauna inda wuta ba ta ɗaukewa, netwok ba ya yankewa, mai bayanan kuma ba ya gajiya da tambaya. Mu kuwa a nan, ɗaukewar wuta da tafiyar netwok suna cikin aikin yau da kullum, don haka da su za a gina ta tun daga tushe. Ƙanenka ya yi ƙoƙari, sashen da ya rubuta shi ne mai wahalar. Ka tura masa wannan amsar ta WhatsApp, ku bi ta tare ta waya.

Abin da ke kashe ta in an rufe taga

Duk manhajar da ka tayar daga baƙar tagar nan, a ƙarƙashin tagar take rayuwa. Da ka rufe, Linux, wato tsarin da Ubuntu ke kansa, na aika mata wata alama mai suna SIGHUP, ma'anarta layin ya katse, ita kuma sai ta mutu. Akwai dabaru na wucin gadi, irin su nohup da tmux, da ke hana hakan. Ba na ba ka shawararsu, domin ba su san komai a kan dawowar wuta ba. Matsala ɗaya za su gyara maka, ta biyun tana nan.

Abin da kake bukata shi ne mai tsaro da zai riƙa tayar da manhajar da kansa. A Ubuntu akwai biyu. Na farko cron, tsoho tun zamanin Unix, wanda kake ba shi layi ɗaya mai gurbi biyar, wato minti, awa, ranar wata, wata da ranar mako, sannan umarnin da zai gudanar. Yana aiki, amma yana da halaye biyu da suka sha wahalar da mutane. Bai damu ba ko aikin da ya tayar ɗazu ya gama, lokaci na yi zai ƙara tayar da wani a kansa, sai ka wayi gari da manhaja goma suna jiran netwok ɗaya. Sannan in abu ya lalace ba ya ajiye maka labari a inda za ka gani cikin sauƙi. Na biyu shi ne systemd, wanda Ubuntu ta koma kansa tun 2015, kuma shi nake amfani da shi a duk aikin da na yi wa mutane irin wannan.

Yadda nake tsara shi

A nan zan ba da ra'ayina, domin akwai hanya biyu kuma masu sana'ar sun rabu a kai. Wasu na barin manhajar ta yi ta zagaye ba tsayawa, systemd na gadinta, in ta faɗi ya tashe ta. Ni na fi son ta zama gajeriya: ta tashi, ta duba ko akwai abin ɗaukowa, ta ɗauko, ta ajiye, ta fita. Bayan minti ɗaya a sake tayar da ita. Manhajar da ke tashi sabuwa kowane minti ba ta tara kuskure a ciki, ba ta riƙe tsohuwar kwanan wata, kuma in wuta ta yanke mata aiki a tsakiya, asarar ba ta wuce ta minti ɗaya ba.

Fayil biyu za ku rubuta a cikin /etc/systemd/system. Na farko, a ce sunansa kwallo.service, shi ke faɗin abin da za a gudanar. A ciki ku sa Type=oneshot, wato aikin da ke yi sau ɗaya ya fita, sannan ExecStart da cikakken adireshin Python da cikakken adireshin manhajar, tun daga tushen faifai, kada a taƙaita. Ku sa User da sunan wani asusu na daban wanda ba shi da ikon taɓa sauran kwamfutar, domin babu dalilin da mai ɗauko sakamakon ƙwallo zai riƙe makullan gida duka. Ku ƙara Wants=network-online.target da After=network-online.target don ta jira netwok. Layin da aka fi mantawa shi ne TimeoutStartSec=50. Aikin oneshot ba shi da wa'adi sai ka sa masa, kuma systemd ba ya tayar da na biyu muddin na farko bai gama ba. Wannan alheri ne, shi ya raba shi da cron, amma in na farkon ya maƙale to komai ya tsaya cak har sai an zo an duba.

Fayil na biyu, kwallo.timer, shi ne agogon. OnBootSec=2min na nufin a fara minti 2 bayan kunnuwa, OnUnitActiveSec=1min kuma a maimaita duk minti. Ku ƙara AccuracySec=5s, saboda in ba a faɗa ba systemd na ba kansa sassaucin har minti ɗaya, sai ka ga tazarar tana kai-komo. A ƙasa ku sa WantedBy=timers.target. Daga nan sai umarni biyu, systemctl daemon-reload da systemctl enable --now kwallo.timer. Kalmar enable ɗin nan ita ce maganin tashi ka kunna da hannu. In kana son ganin abin da ke faruwa, journalctl -u kwallo.service zai nuna maka duk abin da manhajar ta rubuta da lokacin da ta rubuta shi.

Mabuɗin da shafin ya ba ku, wato dogon rubutun sirrin nan, ku cire shi daga cikin manhajar ku sa a fayil na daban, ku nuna shi da EnvironmentFile, ku kulle fayil ɗin da chmod 600. Gidan kallo wuri ne na jama'a, hannu da yawa na taɓa laftof, kuma wanda ya kwafe mabuɗin zai riƙa cin kason tambayoyinka daga wani wuri.

Lamba 429

Wannan ba lalacewa ba ce. Amsa ce daga sabar shafin, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanansa, tana cewa tambayarka ta yi yawa. Mu yi lissafi. Duk daƙiƙa 5 na nufin sau 12 a minti. Gasa uku ne, in kowace da tata tambayar, ya zama 36 a minti, 51,840 ke nan in laftof ɗin ta kwana ta yini a kunne. Masu ba da irin waɗannan bayanai kyauta suna da iyaka. Alal misali, football-data.org na ba wa mai asusun kyauta tambaya 10 a minti, akwai kuma waɗanda nasu ƙidayar ta yini ce, 100 kacal. Ka duba na shafinku, a rubuce yake a wurin da kuka yi rajista. Ga kuma kuɗin data. A ce kowace amsa kilobait 20 ce, 51,840 ɗin nan sun haura gigabait ɗaya a yini, kuma mafi yawansu teburin jiya ne ake ta sake kawo maka.

Ka tambayi kanka me ke canzawa, kuma yaushe. Jadawalin wasannin yau, sau ɗaya da safe ya isa, a ƙara dubawa da azahar ko an ɗage wani. Teburin gasa ba ya bukatar tambaya sai an tashi wasa. Sakamako ne kaɗai ke motsi, shi ma a cikin awa biyun da ake fili. Saboda haka manhajar in ta tashi, ta fara duba jadawalin da ta ajiye. In babu wasan da ake bugawa yanzu, ko wanda za a take nan da minti 10, ta fita ba tare da ta taɓa intanet ba. In akwai, ta yi tambaya ɗaya da ke haɗa duk wasannin ranar, maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya. Amfanin wannan yana fitowa ne a ranar ƙarshe ta Firimiya, da ake take wasa 10 a lokaci guda, ko daren ƙarshe na zagayen farko a Gasar Zakarun Turai, wanda tun da aka koma ƙungiyoyi 36 a kakar 2024 zuwa 2025 ake buga wasa 18 a tare. A irin wannan daren allonka ya fi talabijin farin jini, kuma tambaya ɗaya a minti ta ishe shi.

In duk da haka 429 ta zo, kada manhajar ta nace. Sau da yawa sabar na haɗo wani layi mai suna Retry-After da ke faɗin daƙiƙa nawa za a jira. A karanta shi a bi. In babu shi, a jira minti 1, in ta sake a jira 2, sai 4, sai 8, a tsaya a 15. Tunda manhajar fita take yi kowane lokaci, sai ta rubuta lokacin da aka yarje mata ta sake tambaya a wani ɗan fayil, ta duba shi in ta tashi. Haka za a yi wa 500 da 503, waɗanda ke nufin matsalar daga can take. Amma 401 da 403 daban ne. Su cewa suke mabuɗinka ba daidai ba ne, ko ka nemi abin da ba a ba ka izini ba, kuma ko ka kwana kana maimaitawa ba abin da zai canza. Nacin ma na iya sa a rufe asusun. In shafin na aiko da ETag, wato ɗan tambarin da ke canzawa in bayanan sun canza, ku ajiye shi ku mayar masa a tambaya ta gaba ta layin If-None-Match. In babu sabon abu zai amsa da 304 ba tare da ya sake turo kayan ba, data ta huta.

Abu ɗaya da nake roƙon ƙanenka ya duba yau: in da requests, wato kayan aikin Python na aika tambaya a intanet, ya rubuta manhajar, ita ba ta da wa'adin jira sai an sa mata. Netwok ɗin yamma da ka sani, wanda ke nuna sanduna cike amma ba abin da ke wucewa, zai iya riƙe ta har abada. Ya rubuta timeout=15 a kowace tambaya.

Farin allo

Ban ga manhajar ba, amma na ga irin wannan sau da yawa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne. Manhajar na buɗe fayil ɗin da allo ke karantawa, buɗewar na share abin da ke ciki, sannan ta fara zuba sabo. In wuta ta ɗauke a wannan tsakanin, ko amsar da ta zo ba cikakkiya ba ce, to tsohon ya tafi sabon bai iso ba. Kamar mai shago ne ya zubar da tsohon kaya tun motar sabo ba ta iso Kwangila ba.

Maganin yana da sauƙi, kuma a wurina shi ne mafi muhimmanci a duk amsar nan. Ta rubuta sabon a wani fayil na wucin gadi, a cikin jaka ɗaya da na ainihi. Ta tabbatar amsar 200 ce, wato lambar da ke nufin komai lafiya, ta tabbatar JSON ɗin, wato tsarin rubutun da bayanan ke zuwa a ciki, ya karantu, kuma akwai wasanni a ciki. Ta kira os.fsync don bayanan su sauka kan faifai da gaske, sannan ta sauya sunan da os.replace. A Linux sauya suna a faifai ɗaya abu ne da ke faruwa gaba ɗaya ko ya ƙi faruwa gaba ɗaya. Allon zai ga tsoho cikakke ko sabo cikakke, babu rabi. In wani abu bai yi daidai ba, a bar tsohon a inda yake.

Sai dai tsohon sakamako na da nasa haɗarin. Allo ya nuna 1 da 0 alhali an rama tun ɗazu, ka san irin gardamar da za ta tashi a benci. Don haka a ƙasan allon a riƙa rubuta lokacin da aka sabunta, da manyan baƙaƙe, kamar "An sabunta ƙarfe 4:37". In ana cikin wasa kuma ya haura minti 5 ba sabo, rubutun ya koma ja. Mutane na yafe wa allon da ya faɗi gaskiya cewa ya makara. Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar ta rubuta shafin HTML cikakke, mai sabunta kansa duk daƙiƙa 30, burauza ta buɗe shi daga cikin laftof. Ta haka allon bai san da intanet ba ma, fayil kawai yake kallo.

Agogo

Wani abokina da ke da gidan kallo a Samaru ya kira ni wata Asabar bayan La'asar. Nasa a kan Raspberry Pi yake, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba. Na tarar da gida cike, ana wasa a talabijin, allon gefe kuma na rubuta babu wasa yau. Netwok lafiya, mabuɗi lafiya, sabar na amsa 200. Na ja kujera na zauna bayan allon, ga ƙarar inji ga ihun masu kallo, ina bin rubutun manhajar layi layi, sai idona ya faɗa kan kwanan watan da take tambaya. Na Juma'a ne. Irin wannan Pi ɗin ba shi da agogo mai batir. An kashe inji daren Juma'a, da aka kunna ranar Asabar sai ya farka da lokacin da ya ajiye na ƙarshe. Manhajar ta riga MiFi tashi, ta karanta kwanan wata sau ɗaya ta riƙe. Daga baya agogon ya gyaru ta intanet, ita kuwa ta yini tana neman wasannin jiya. Tun ranar na daina barin irin wannan manhaja ta yi doguwar rayuwa.

Tsohuwar laftof ma na iya yin haka in ɗan batirin agogonta na ciki ya mutu. In agogon ya koma baya sosai, har shafuka masu tsaro za su ƙi buɗewa, saboda takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Ku kunna systemd-time-wait-sync.service, ku ƙara After=time-sync.target a fayil ɗin farko, don manhajar ta jira agogo ya daidaita kafin ta fara.

Akwai kuma bambancin lokaci. Yawancin shafukan nan da agogon UTC, wato lokacin bai ɗaya na duniya, suke ba da lokacin wasa, za ka ga harafin Z a ƙarshe. Najeriya na gaba da shi da awa 1 duk shekara, ba ma canzawa. Turawa ne ke canza nasu, a Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Shi ya sa wasan ƙarfe 3 na Asabar a Ingila yake zuwa mana ƙarfe 3 a farkon kaka, amma daga ƙarshen Oktoba ya koma ƙarfe 4. Wasan daren Zakarun Turai kuma ƙarfe 8 a Satumba, ƙarfe 9 a Nuwamba. Ku ajiye komai da UTC, sai wurin nunawa a juya shi zuwa Africa/Lagos. Kada kowa ya rubuta awar wasa da hannu a cikin manhaja.

Ita kanta laftof ɗin

A fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf ku sa HandleLidSwitch=ignore don kada ta yi barci in an rufe murfi, ku kuma kashe barcin da take yi in an daɗe ba a taɓa ta ba. In batirinta ya mutu, canza shi ya fi duk wata dabara, domin shi zai riƙe ta a 'yan mintunan da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin inji. MiFi ɗin ma a haɗa shi da fawa banki. Laftof da yawa ba sa kunna kansu in wuta ta dawo bayan sun mutu gaba ɗaya, wannan kam sai an danna maɓalli, amma dannawa ɗaya ce, sauran systemd zai yi. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu, kuma kada a kifa mata tsumma a zafin Afrilu.

Iyakar abin da wannan zai yi maka

Bayanan kyauta sukan makara, wani lokaci da gangan, domin masu biya ake ba na nan take. Duk tsarin da na zayyana ba zai sa allon ya riga talabijin ba. Amfaninsa na wasannin da ba a nunawa ne, da teburin. Yawancin na kyautan kuma manyan gasannin Turai suke ɗauke da su, in masu kallonka na tambayar sakamakon Kano Pillars, sai ka duba jerin gasannin shafin kafin ka yi alkawari. Kada a ja ka zuwa ga kwashe rubutu daga shafukan labarai da manhaja. Ranar da suka sauya fasalin shafi, naka ya rushe, kuma da yawansu sun haramta hakan. Ka kuma karanta sharaɗin shafinku game da nuna bayanai a wurin da ake karɓar kuɗin shiga, domin wasu sun ware na kyauta ga amfanin kai kawai. In haka ne, ka biya ƙaramin tsarinsu ko ka nemi wani, hankalinka ya fi kwanciya.

In kun gama, kada ka jira Asabar ta gwada maka. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, to ka zaɓi safiyar da babu kowa. Kunna komai, ka ga allo ya kawo jadawali. Kashe MiFi na minti 10, ka tabbatar allon bai yi fari ba, sannan ka kunna ka ga ko ya dawo ba tare da ka taɓa komai ba. Kashe laftof ɗin gaba ɗaya ka kunna, ka koma gefe ka ƙirga minti 3. A ƙarshe ƙanenka ya ɓata harafi ɗaya a mabuɗin da gangan, ku ga ko ta rubuta 401 ko 403 ta yi shiru, sannan ku gyara. In wani daga cikin gwaje-gwajen nan huɗu ya ƙi, ka rubuta journalctl -u kwallo.service -n 50, ka ɗauki hoton layukan ka turo min, bayan ka duba ka rufe mabuɗin in ya fito a ciki.